Me Ya Sa Kamfani Ba Ya Faɗin Masana'antar Da Ke Ƙera Masa Kaya A Waje?

Tambaya: Kaya da yawa, tun daga waya har takalmi, an rubuta ƙasar da aka ƙera su a jiki, amma babu sunan masana'antar. In ka tambayi kamfanin sai ya ce sirri ne. Mene ne abin ɓoyewa a ciki? Ina tambaya ne don ni ma ina shirin ba da kwangilar ƙera wani kaya a waje, ina so in san ko ya kamata in ɓoye.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya samu sunan masana'antarka ya samu abu uku a lokaci guda. Ya tsallake wahalar neman da ka sha, ya gane kusan nawa kaya ke tashin maka, kuma yana iya hango abin da za ka fitar gaba. Doka ma ba ta cika matsa wa kowa a kan wannan ba. A Amurka tun dokar kuɗin fito ta 1930 abin da ake bukata shi ne a rubuta ƙasar da kaya suka fito, kuma haka yake a wurare da yawa. Sunan mai ƙerawa an bar wa kamfani, in ya so ya faɗa, in ya so ya yi shiru.

Mu fara da wahalar neman, don duk sauran dalilan daga nan suke fitowa. Mutum zai je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, ko ya bi shafukan intanet, ya tuntuɓi wurare ashirin ko talatin. Wasu daga cikinsu dillalai ne da ofis kawai, ba su da ko inji ɗaya, suna nuna hoton masana'antar wani. Kafin ka gane haka sai ka karɓi takardar rajistarsu, ka duba ko an rubuta ƙira a cikin ayyukan da aka ba su izini ko ciniki kaɗai, sannan ka tura wanda zai shiga ya ga injuna da idonsa. Daga nan sai samfur. Na farko da wuya ya yi. A yi gyara, a sake aikowa, sau uku ko huɗu. Idan an dace, sai a yi samfurin ƙarshe kwafi biyu, ɓangarorin biyu su sa hannu a jiki, a rufe, ɗaya wurinka ɗaya wurinsu. Shi ne alƙali duk ranar da aka yi gardama kan launi ko nauyi ko ɗinki.

In kayan na roba ne, ga maganar mazubi, wato abin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffar kayan. Ana sassaƙa shi ne daga ƙarfe, yana cin wata ɗaya zuwa biyu, wani ya fi haka, kuɗinsa kuma daga dubban daloli zuwa dubun dubata, gwargwadon girma da yawan ramuka. Zubin farko kullum yana zuwa da aibu: wani wuri ya loɓa saboda bangon ya yi kauri, wani gefen roba ta tsartu ta bar gemu, ramin sukuru ya tsage da an ɗaure. Robar da ake kira ABS in ba a busar da ita ba na awa biyu zuwa huɗu a zafin digiri 80 ko kusa da haka, sai ka ga zane-zane fari a jikin kayan. Kowace matsala sai an zauna an gano tushenta, a rage kauri a nan, a ƙara lokacin sanyaya a can. Bayan haka ka biya kafin alƙalami, galibi kashi 30, sauran 70 kafin lodi. Sufeto ya je ya duba: a odar guda dubu biyar, bisa ma'aunin da aka fi amfani da shi, zai zaro guda 200 daga katan daban-daban, in manyan aibu sun wuce goma a mayar da kayan. Kafin duk wannan ya daidaita, shekara ta kusa zagayowa.

To ka lura da inda ilimin nan ya zauna. Yana cikin masana'antar, a kan mai kula da inji da shugaban layi da injiniyan da ya gyara mazubi. Ranar da abokin gasarka ya shigo riƙe da kayanka ya ce a yi masa irin wannan, a canja launi da maɓalli, an riga an san duk inda ramuka suke a hanyar. Abin da ya ci maka wata goma shi zai same shi a wata biyu, kuma ba tare da asarar samfur ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne babban dalili, kuma halastacce ne.

Dalili na biyu ya fi shafar waɗanda ba su zana kayan da kansu ba. Kwangilar ƙira iri biyu ce. Akwai wanda ya kawo zanensa aka ƙera masa. Akwai kuma wanda ya buɗe kundin masana'anta, ya zaɓi abin da take yi dama, aka buga masa tambari da kwali. Na biyun ya fi yawa fiye da yadda masu saye ke zato. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na manyan sunaye, kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron ne ke haɗa kaso mafi tsoka. Na'urar ɗumama abinci da ake sayarwa da sunaye daban-daban, da yawa daga hannun Midea da Galanz suke fitowa. Takalman Nike da na Adidas duk akwai waɗanda rukunin Pou Chen ke ɗinkawa. Ba lallai ne kaya biyu da suka fito gida ɗaya su zama daidai ba, don wani ya biya batir mai kyau da gwaji mai tsauri, wani ya ce a sa masa mafi arha. Amma mai saye ba ya ganin wannan bambancin. Da ya ji gida ɗaya ne, sai ya tambayi kansa me zai sa ya biya ninki biyu. Kamfanin da ya kashe miliyoyi a talla yana gina suna ba ya son a yi wannan tambayar.

Ga kuma lissafi. Mu ɗauka, misali kawai, abin sauraron kunne ne da ke barin masana'anta a dala 9, ana sayar da shi dala 60. Tsakanin 9 da 60 akwai jirgi, kuɗin fito, sito, talla, ribar kanti, da kayan da aka dawo da su. Duk da haka, babban mai sari in ya san masana'antar, saƙo ɗaya zai aika a ba shi farashi. Da takardar nan a hannu zai zo teburin ciniki ya matse ka, ko ya kewaye ka gaba ɗaya ya sa a yi masa da tambarin kantinsa. Shi ya sa dillalan da ke haɗa mai saye da masana'anta suka fi kowa riƙon wannan sirri. Su sunan nan shi ne jarinsu kacokan, in ya fita la'ada ta tafi.

Sirrin kuma fuska biyu gare shi, wannan mutane kan manta. Kamar yadda kake ɓoye masana'anta ga kasuwa, haka kake ɓoye kasuwa ga masana'anta. Labarin Schwinn da Giant ya isa darasi. Schwinn shi ne babban sunan keke a Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya fara ba Giant na Taiwan, wanda aka kafa a 1972, kwangilar ƙera masa kekuna, har ta kai yawancin kekunansa daga can suke fitowa. Giant ya koyi ƙira, ya koyi abin da mai saye na Amurka ke so. Da Schwinn ya fara karkata oda zuwa wani abokin hulɗa a Sin, sai Giant ya shiga kasuwar Turai da Amurka da sunansa. Schwinn ya karye a 1992, Giant kuwa yau yana cikin manyan masu ƙera keke a duniya. HTC ma wayoyin wasu ya yi ta ƙerawa kafin ya fito da nasa. Saboda irin wannan ne kamfani mai wayo ba ya barin kaya su tafi kai tsaye daga masana'anta zuwa ga masu sarinsa da sunayensu a jikin katan, ba ya kuma barin gida ɗaya ya ga hoton aikin gaba ɗaya.

Sai kayan bayan fage. Mazubi yana nan, ma'aikata suna nan, ragowar kayan aiki suna nan. Ka ba da odar dubu goma, a yi dubu goma sha biyu, dubu biyu su fita ta ƙofar baya da dare. Ko kayan da sufeto ya ƙi, maimakon a lalata su sai a sayar wa wani da rabin kuɗi. Wannan ya fi jabu wuyar kamawa, domin inji ɗaya ne, hannu ɗaya ne, har jami'in kwastam ba zai iya bambancewa ba. New Balance ya sha fama a kotunan Sin da wani tsohon mai ƙera masa takalmi da ya ci gaba da fitar da kaya bayan an yanke hulɗa. In sunan masana'anta ya bazu, masu neman irin wannan kaya sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, kuma manajan da a da babu mai jarabtarsa yanzu kullum da mai yi masa tayi.

A kayan lantarki akwai ƙarin dalili, wato lokacin fitar da sabon abu. Wanda ya san wace masana'anta ke yi maka gilashi, wacce ke yi maka batir, yana iya gane girman allo da lokacin fitowa daga odar da ka ba su. Apple na cikin waɗanda suka fi tsauri a nan. Lokacin da GT Advanced Technologies, wanda ya ɗauki kwangilar yi masa wani irin gilashi mai ƙarfi, ya karye a 2014, takardun kotu sun nuna yarjejeniyar ta tanadi tarar dala miliyan 50 kan kowace tona sirri ɗaya. Ita ma masana'antar sau da yawa tana son a yi shiru. Tana yi wa abokan gaba biyu aiki a bene ɗaya, kowa da farashinsa, ba ta son ɗaya ya ji abin da ɗayan ke biya. A manyan wurare har layi ake keɓewa, da kati na musamman, a hana shiga da waya.

Duk waɗannan dalilan ciniki ne. Akwai kuma wanda ba a faɗa a fili, kuma a ganina shi ne ya ɓata wa sirrin suna: gudun ɗaukar laifi. In ba a san inda ake ɗinka rigarka ba, ba mai haɗa ka da albashin da ake biya a can ko ƙofar tsira da aka garƙame da kwaɗo. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladash, mutum sama da 1,100 suka mutu. Don a gano kamfanonin da ake yi wa ɗinki a ciki, sai da aka riƙa tono lambobin riguna da takardu daga cikin ɓaraguzai. Watanni kaɗan kafin nan, a Nuwamba 2012, gobarar masana'antar Tazreen ta kashe sama da mutum 110, aka samu kayan Walmart, babban kantin Amurka, a wurin, shi kuma ya ce wanda ya ba kwangila ne ya miƙa aikin can ba da izininsa ba. Ka ga wata matsalar ke nan: wani lokaci kamfanin da kansa bai san inda ake yin kayansa ba. Masana'antar da ka je ka gani, mai tsabta da takardun shaida, in oda ta yi mata yawa sai ta raba wa ƙananan wurare da ba ka taɓa jin sunansu ba. Haka ya faru da Mattel a 2007, inda ya janye kayan wasan yara kusan miliyan ɗaya a karon farko saboda fenti mai dalma da mai ƙera masa ya samo daga inda ba a amince ba. A 2018 kuma aka janye maganin hawan jini na valsartan a ƙasashe da dama, sai a lokacin mutane suka gane kamfanoni masu sunaye daban-daban daga Zhejiang Huahai suke sayen sinadarin. Tun da Amurka ta ɗora harajin kashi 25 kan kayan Sin da yawa daga 2018, an ƙara samun wasu masu son duhu: waɗanda ke bi da kaya ta wata ƙasa a canja musu takarda.

Matsin lamba kan halin da ma'aikata ke ciki ne ya sa manya suka fara buɗewa. Nike ya wallafa jerin masana'antunsa sama da 700 a 2005. Apple ya fitar da sunayen kamfanoni 156 a Janairun 2012, bayan surutun da ya biyo mutuwar ma'aikatan Foxconn da suka kashe kansu a Shenzhen a 2010. H&M ya bi sahu a 2013. Ba wanda ya karye a cikinsu saboda haka, kuma dalilin yana da amfani a gare ka. Kowa ya san Foxconn ke haɗa iPhone, TSMC ke yin ƙwaƙwalwarta. To sai me? Zanen na Apple ne, manhajar tasa ce, injuna da yawa shi ya saya, kuma babu masana'antar da za ta yi wasa da oda irin tasa don ta faranta wa baƙo. Su ma ɗin jerin suna kawai suka bayar, ba su ce wane gida ke yin wane kaya a nawa ba. Ƙaramin ɗan kasuwa mai kwantena biyu a shekara ba shi da wannan garkuwa. Gwargwadon yadda kayanka ke da sauƙin kwaikwayo, gwargwadon yadda sunan ke da tsada a wurinka.

Sai dai kada ka ɗauka sirrin ba ya yoyo. A Amurka bayanan takardar lodin kayan da suka shigo ta ruwa a buɗe suke, akwai kamfanoni irin su Panjiva da ImportGenius da ke tattara su suna sayarwa: sunan mai aikowa, mai karɓa, nauyi, irin kaya, ranar isowa. Mai shigo da kaya yana iya roƙon kwastam a sakaya sunansa da na mai aiko masa, amma izinin shekara biyu ne, sai an sabunta, kuma bai goge abin da ya riga ya fita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi sakaye da rubutun suna ɗaya, alhali wakilin jirgi yana rubuta shi ta hanya uku, wannan da gajartawa, wancan da kuskuren harafi. Wanda ba a lissafa ba sai ya fito fili. Na'ura mai aika sigina ta iska, irin su waya, da ake sayarwa a Amurka tana da lambar FCC, hukumar sadarwar ƙasar, a jiki, haruffa uku ko biyar na farko suna nuna wanda ya yi rajista, kuma a shafin hukumar akwai hotunan cikin na'urar da rahoton gwaji. In ka ari rajistar masana'anta don ka rage kuɗi, da hannunka ka buga sunanta a bayan kayanka. Haka lambar UL, kamfanin da ke gwada amincin kayan lantarki, mai farawa da E a jikin caja. Wani lokaci ma ba sai an je nesa ba: a kwance sukuru huɗu, a ga tambarin mai ƙerawa a kan farantin lantarkin da ke cikin na'urar. Ita kanta masana'antar tana iya jera samfurinka a rumfarta ta baje koli don ta jawo masu saye. Saboda haka abin da sirri ke saya maka lokaci ne, wata shida ko shekara, ka yi amfani da shi ka riga kowa kama kasuwa.

Kai da za ka fara, ka ɓoye sunan ga abokan gasa da masu sari, amma kada ka jingina da shi kaɗai. Kafin ka aika zane ko ɗaya, ka yi rajistar alamar kasuwancinka a ƙasar da za a ƙera kayan, ko da ba ka da niyyar sayarwa a can. A Sin wanda ya riga rajista shi ke da suna, kuma yana iya kai alamar wurin kwastam a tare kayanka a tashar ruwa. Apple da girmansa sai da ya biya Proview, kamfanin da ya riga shi rajistar sunan, dala miliyan 60 a 2012 kafin ya mallaki sunan iPad a can. Yarjejeniyar rufe baki irin wadda aka saba ba ta wadatar ba, domin ita tana hana faɗa wa wani ne kawai, ba ta hana masana'anta amfani da zanen don kanta ba. Wadda ake bukata ta haɗa hani uku: kada a faɗa, kada a yi amfani, kada a kewaye ka a je wa masu sayenka. A rubuta ta da harshen ƙasar, a ƙarƙashin dokarta da kotunta, a sa sunan kamfanin daidai yadda yake a takardar rajista, a buga jan hatiminsa, a kuma ambaci adadin diyya a fili. Takardar da ta ce sai an je kotun ƙasarka, tilasta ta a can wahala ce babba.

Mazubi kuwa ka biya kuɗinsa daban da na kaya, da rasit nasa, a rubuta naka ne, a liƙa masa farantin ƙarfe mai lamba, a kuma ƙayyade kwanakin da za a miƙa maka shi in ka nema. Masu cewa za su yi maka mazubi kyauta ko su narka kuɗinsa cikin farashin kaya, ranar rabuwa za ka ji sun ce nasu ne. In kayan na da sashe mai sirri, ka raba aikin: jiki a nan, faranti a can, manhajar a ɗora ta a wuri na uku ko bayan kaya sun iso. Kwali da lambar shaida ka buga su a wani wuri, ka aika daidai adadin oda da ɗan ƙari na lalacewa, a dawo maka da ragowar a ƙirge. A rubuta cewa ba a miƙa aiki ga wani sai da izininka, sufeto kuma ya je ana tsakiyar aiki, don in ya jira ƙarshe katan kawai zai gani, ba zai san inda aka cika su ba.

Akwai dai waɗanda ba a yi musu wannan sirri. Kwastam, hukumar da ke ba da shaidar inganci, da babban kanti mai son tura masu bincikensa, duk za su nemi suna da adireshi, kuma dole ka bayar. Tun Yunin 2022 kwastam na Amurka, a ƙarƙashin dokar hana kayan aikin tilas daga yankin Xinjiang, yana iya tsare kwantena ya ce ka kawo takardun kowane mataki, daga riga zuwa yadi, zuwa zare, har gonar da aka tsinko audugar. In babban kanti ya nemi sunan, ka ba shi, amma bayan ya sa hannu cewa ba zai yi hulɗa da masana'antar kai tsaye ba na tsawon shekarun da kuka yarda, galibi biyu ko uku.